Anti, ƙawayena na neman cinye mun tafiya tun ban fara ba

Salam Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Na daɗe ina tara kuɗi, yanzu Allah yayi na samu hutun sati 10 a wajen aiki zanyi doguwar tafiya ni kaɗai. Tsarin shine in fara da Landan, in tsallaka Faris, daga nan Italiya sai Sifaniya dan babban burina in ga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke garin Granada, da masallacin Kordoba, sannan in ƙare a Istanbul. Matsalar ina da ƙawa a Landan da muka yi makaranta tare, tace sati biyu zan mata ba ragi, har tace kar in kuskura in kama otal. Wata kuma a Faris da taji kwana 2 kawai na ware mata shikenan ta ɗau fushi wai na nuna mata matsayinta. Ni kuma ina son ganin gari, na rubuta wurare sun kai 20 a Landan kaɗai. Ga mutane kowa na kawo saƙo a kaiwa wane. Ina tsoron kar kuɗi da ƙarfi su ƙare tun a farko, kuma bana son ɓatawa da kowa. Ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kaiki lafiya ya dawo dake lafiya. Bara in fara da wanda bazaki so ji ba. Sati biyu a Landan yayi yawa, kwana 2 a Faris yayi kaɗan, amma duk cikin abinda kika lissafo wanda yafi bani tsoro shine takardar nan taki mai wurare 20. Su ƙawaye da baki ake gyara su, waya ɗaya ta isa, ita kuwa takardar da hannunki kika rubuta kuma ke zata fara kayarwa.

Yi lissafi mana. Sati 10 kwana 70 ne, in kika ba Landan 14 kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar ya tafi kenan baki ko taka ƙasa ta biyu ba, alhali abinda yasa kika takura kanki kina tara kuɗin nan yana can Granada, sai wajen sati na biyar ko na shida zaki iso shi. Duk abinda kika ɓarnatar a satin farko, kuɗi ne ko ƙafa ko barci, daga rabon wancan satin kika ciro shi, kawai dai bazaki gane ba sai kin isa can.

Farkon tafiya akwai ruɗi. Asusu a cike, zuciya na ɗoki, gashi kina cikin mutanen da kike so suga kin zo da mutuncinki, an fita cin abinci ku biyar kice a'a wallahi ni zan biya, an shiga shago kiga abu kice wannan na wance ne, tasi nan tasi can saboda an makara. Kuma Landan da Faris suna cikin mafi tsada a duk jerin naki, kinga kin sa garuruwan da suka fi cin kuɗi daidai lokacin da hannunki yafi sakewa. Abinda zakiyi, ki fara cire kuɗin tikitoci da masaukin gaba ki ajiye su a wani asusu daban wanda katinsa baya cikin jakar da kike fita da ita. Ragowar ki raba sati sati, ki ɗan ƙara ma sati biyun farko tunda garuruwan masu tsada ne, amma ki sa masu iyaka, in na satin ya ƙare ran Juma'a toh ya ƙare, a zauna a gida ayi hira. Tsaraba kuwa ki manta da ita gaba ɗaya sai Istanbul. Duk abinda kika siya a Landan sati tara zakiyi kina jansa a tasha da matakala, kuma jiragen nan masu araha na cikin Turai akan akwati suke maida kuɗinsu, kilo ɗaya ya hau sai kin biya.

Sai jiki. In mutum ya sauko daga jirgi ji yake zai iya zagaye gari a ranar, ɗoki ne kawai ke riƙe dashi. Daren farko a baƙon gado ba kowa ke barcin kirki ba, in kuma akwai tazarar awanni tsakanin inda kika taso da inda kika sauka, a ƙiyasi jiki na neman kamar kwana ɗaya akan kowace awa kafin ya daidaita, kuma yin gabas yafi yin yamma wahala. Ko ba tazarar awa ma, zaman jirgi da layin duba fasfo da jan kaya sun isa. Ranar sauka ki cireta daga lissafi, ki ɗan taka a unguwa kiga hasken rana, ki daure kar ki kwanta sai dare yayi. Kuma dan Allah kar ki buɗe sabon takalmi saboda hoto, wanda ƙafarki ta saba dashi zaki sa, bororo ɗaya a diddige a rana ta uku zai iya binki har Italiya.

Toh ƙawarki ta Landan. Kar ki tsaya ciniki da ita akan kwanaki, ita zata ci, tunda ita tana da "haba ƙawata" ke kuma kina da kunya. Ki siyi tikitin fita daga Landan tukunna sannan ki kirata. Kice mata zan sauka ran Alhamis in sha Allah, jirgin ƙasana na Faris ran Talata ne na riga na biya, Asabar da Lahadi naki ne kiyi yadda kika ga dama dani. Kinga yanzu ba ke kike gudunta ba, rana ce da aka riga aka sa. Zata yi mita, zata ce kin raina ta, ki barta tayi, kiyi dariya kice ai wani zuwan na nan. Kwana 5 ne da wikend a tsakiya, kuma in kin lura wikend ɗin nan shi kaɗai ne lokacin da take dashi na gaske ko da sati biyun kika yi, sauran ranakun ke da bango zaku zauna.

Ba wai ƙarya take ba fa, da gaske take son ki daɗe, amma da zuciya ta faɗa bata duba kalanda ba. Mace ce da ke tashi da asuba ta kama jirgi zuwa aiki ta dawo a gajiye, gidajen can ƙanana ne, wataƙila falo zaki kwana ko a tada yaro daga ɗakinsa saboda ke, banɗaki ɗaya kowa na sauri da safe. Kwana uku huɗu duk wannan daɗi ne, ana hira har tsakar dare ana tuna malamai. Zuwa rana ta takwas labarin makaranta ya ƙare, ta fara tunanin wankinta da ya taru ke kuma kin fara taka ƙasa a hankali kar ki dame su, kuma ba wadda zata iya faɗa ma ɗaya. Ba banza ba hadisi yace liyafar baƙo kwana uku ce, abinda ya wuce haka sadaka ne, har ya hana baƙo ya zauna sai ya takura mai gida. Baƙo raɓa ne ƙanwata. In tana da miji ma ki tambayeta kai tsaye ko ya san da zuwan naki da yawan kwanakin, dan sau da yawa gayyatar daga baki ɗaya take fitowa, ɗayan sai ya ganki da akwati a ƙofa.

Wani abu kuma, ki karɓi cikakken adireshinta ki sa a taswirar waya tun yanzu. Landan ɗin nan faɗi ne da ita, an kasa hanyoyin jirginta shiyya shiyya, yawancin wuraren da kika rubuta suna shiyya ta 1 ne a tsakiya, mai cewa "ina Landan" kuwa tana iya kasancewa a ta 5 ko ta 6 ko ma wani gari ne daban a gefe, awa ɗaya da wani abu zuwa, haka dawowa, ga kuɗin jirgi kullum. In kika ga haka ne ba laifi kiyi wikend a wajenta, daren ƙarshe ki kama ɗan ɗaki kusa da tasha kice saboda jirgin safe ne, kuma gaskiya kika faɗa.

Sannan kar ki maida ta ƴar rakiya. Wannan shine inda mutane suka fi ɓata ziyara, a haɗa ganin ƙawa da ganin gari a tukunya ɗaya, ƙarshe ba'a ga ko ɗaya da kyau ba. Wanda ke zaune a gari ko dai bai taɓa shiga wuraren nan ba kuma bai damu ba, ko kuma ya kai baƙi har ya gaji da ganinsu. In ta biyoki zata ƙona hutunta na aiki, ta biya kuɗin shiga inda bata so, tana duba agogo ke kina jin nauyi kina sauri, hira kuma ba'a yinta a cikin layi da hayaniya. Ranakun aiki ki fita ke kaɗai bayan ta tafi, katin banki mai taɓawa yana aiki a jirgin ƙasa da bas na Landan kuma akwai iyakar abinda za'a cire maki a rana, ba sai kin wahalar da kowa ba. Ki dawo kafin ta dawo. Yamma tata ce, Asabar tata ce, in tace a zauna a gida ayi ta surutu kar ki ji kamar kinyi asarar rana, gadar Landan tana nan bata zuwa ko'ina, amma ku biyun a ɗaki ɗaya ba yara ba aiki, ba lallai ku sake samu nan kusa ba.

Zaman gidan kuma kin san sauran, ba sai na koya maki ba. Ki naɗe shimfiɗarki da safe, ki shiga kicin ki taya, ko sau ɗaya ki cika masu firij ba tare da kin tambaya ba dan in kika tambaya cewa zata yi a'a. Kar ki daɗe a wanka, ruwan zafi da ɗumama ɗaki kuɗi ne sosai a can. Kar ki gayyato wasu sanannunki gidanta, kuma kar ki sa hoton cikin gidanta ko ƴaƴanta a Facebook ko sitatus sai ta yarda.

Mu dawo kan wurare 20 ɗin nan. Ɗauko biro ki zagaye guda uku waɗanda in baki gansu ba zaki ji ciwo, ba waɗanda kike so ace kin je ba, akwai bambanci kuma ke kin sani. Babban abu ɗaya a rana ya isa. Daɗin abun ma da yawa cikin jerin naki na tabbata kallo ne daga waje, kuma a layi ɗaya suke a bakin kogin Thames. Ki sauka a Westminster kiga Big Ben da ginin majalisa, ki tsallaka gada ki bi gefen kudu, ga London Eye nan, ki wuce gidan zane-zane na Tate Modern wanda shiga babban ɓangarensa kyauta ne, daga gadar ƙafa ta gabansa kina hango cocin St Paul, ki miƙe har Tower Bridge da tsohuwar ganuwar Tower of London a tsallake. Tafiyar bata kai kilomita 5 ba, da zama da hoto da shan shayi rabin yini ne, kin share kusan rabin takardar taki ba tikiti ko ɗaya. Canjin masu gadi a fadar Buckingham kuwa ba kullum ake yi ba, ki duba jadawali kafin ki je ki tsaya a sanyi, ni dai a ganina bai kai wahalar cunkoson ba.

British Museum ki bashi safiya guda shi kaɗai. Tun 1759 aka buɗe shi ga jama'a, shiga kyauta ne, kuma kayan da ke ciki sun kai miliyan 8 amma wajen dubu 80 ne kawai a fili, ko su ɗin ba mai gama su a rana. Ki zaɓi ɓangare biyu, misali na Masar inda dutsen Rosetta yake da kuma na duniyar Musulunci tunda Andalus kika nufa, wato kudancin Sifaniya inda Granada da Kordoba suke, zai buɗe maki ido, awa biyu ko uku ki fito. Gajiyar gidan tarihi abu ne da aka daɗe da sani, tun 1916 wani ma'aikacin gidan tarihi a Boston mai suna Benjamin Gilman yayi rubutu akanta, tsayuwa da sunkuyo da karanta ƙananan rubutu suna cinye mutum har ya koma yana wuce abin mamaki kamar yana wuce bango. Wanda ya cusa gidajen tarihi huɗu a Landan uku a Faris sannan ya bi na Italiya, in ya iso Alhambra idonsa ya riga ya ƙoshi, benci kawai zai nema. Wannan nake jiye maki fiye da ƙarewar kuɗi.

Yanzu takardu, dan anan ne "ƙara mun kwana biyu mana" ke zama matsala ta gaske. In fasfonki na cikin masu buƙatar biza, Birtaniya daban take, Turkiyya daban, Faransa da Italiya da Sifaniya kuma suna cikin Schengen mai ƙasashe 29 da biza ɗaya ke shiga dasu. Ita bizar Schengen a ofishin jakadancin ƙasar da zaki fi daɗewa ake nema, ba wadda zaki fara shiga ba, a tsarinki da alama Sifaniya ce duk da ta Faransa zaki shiga, dan haka kar ki bari kwanakin Faris su kumbura har su wuce na Sifaniya bayan kin miƙa takardu. In ta fito ki duba abu uku a jikinta, ranar farawa da ranar ƙarewa, yawan kwanakin da aka baki, da sau nawa aka yarda ki shiga. Kwana 90 cikin 180 da kike ji shine ƙololuwa, ba kowa ake ba ba, sau da yawa daidai tsarin tafiyar da kika nuna suke yankawa, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Kinga duk ranar da kika ƙara a Landan, bizar Schengen ɗinki na can tana tafiya bata jiranki. In kuma shiga ɗaya aka baki, kar ƙawar Landan ta ruɗe ki da "ki dawo wikend mana ai kusa ne", kina fita kin fita kenan. Tun Oktoban 2025 ƙasashen Schengen suka fara ɗaukar yatsa da hoto a na'ura a bakin iyaka, wuce kwana ba abinda zai ɓuya bane. Suna kuma neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da ke da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar fitarki.

Tikitin jirgin sama shima ki kula, in tikiti ɗaya ne mai zango zango kika ƙi hawa ɗaya saboda an riƙe ki, yawancin kamfanoni soke sauran suke yi har da na komawa gida. Eurostar kuma, jirgin ƙasan Landan zuwa Faris, daga tashar St Pancras zuwa Gare du Nord awa biyu da kamar minti 20 ne, ta ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 da aka buɗe a 1994, amma kar ki ɗauke shi kamar jirgin cikin gari da ake faɗawa ana rufe ƙofa. Jami'an Faransa tun a Landan suke duba fasfo kafin ki hau, ga binciken kaya, dan haka da wuri ake zuwa, kuma agogon Faris na gaba da awa ɗaya, ki faɗa ma mai tarbarki lokacin can. Siya da wuri yafi sauƙi nesa ba kusa ba, wani dalilin kenan na yanke ranar yanzu.

Ita ƙawarki ta Faris tana da gaskiya rabi. Ba kwana biyun ne ya ƙona mata rai ba, sati biyun ɗayar ne, kuma ina zargin daga bakinki taji, nan gaba kar ki riƙa faɗa ma wannan abinda waccan ta samu. Amma ko ba dan ita ba kwana 2 a Faris yayi kaɗan, ranar isa da ranar tafiya kenan. Ki maida shi Talata zuwa Lahadi, kwana 5 daidai da na Landan, ba mai cewa an fifita wata, kuma duk da haka jimla 10 ce a maimakon 16 da ake shirin ci maki, kin tsira da kwana 6 kin kai su Andalus. Ki kirata da murya, kar ki tura rubutu, rubutu a hannun mai fushi ko salam ce zata karanta da wata fassara. Kice na zauna na duba naga kwana biyu bazai ishe ni ganinki ba na maida shi biyar, wace rana ce bakya aiki in ajiye maki ita. Kar ki kawo sunan ta Landan, kar kiyi dogon bada haƙuri, kin gyara shikenan a wuce. Kuma a satin nan zaki kira ba gobe jibi ba, saboda in a gidanta zaki sauka akwai takardar shaidar masauki da Faransa ke nema, attestation d'accueil, ita mai gida ce zata je ofishin magajin garinsu da takardun gidanta ta nemo ta aiko maki ta asali, tana ɗaukar lokaci kuma ba aikin da za'a ɗora ma mai fushi da kwana uku bane. In kinyi duk wannan ta ci gaba da kumburi toh ki kama otal irin wanda ake iya sokewa kyauta, ki gayyace ta ku haɗu a waje, kar ki kai akwatinki gidan da za'a riƙa baki amsa da kalma ɗaya ɗaya.

Ranakun ma sun faɗo maki daidai. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ran Talata, ranar isarki kenan ba asara, gidan tarihi na Orsay da fadar Versailles kuma Litinin suke rufewa kin riga kin tafi. Louvre ki kama lokaci ta intanet tun kafin ki taso dan sun taƙaita masu shiga zuwa 30,000 a rana, kayan da ke a fili wajen 35,000 ne dan haka shima ɓangare biyu ki fito, hoton Mona Lisa ɗin da ake ta rububi ƙarami ne bai kai mita ɗaya ba kuma ta saman kawunan mutane zaki hango shi. Hasumiyar Eiffel tun 1889 take tsaye, daga dandalin Trocadéro a tsallaken kogi ake ganinta da kyau kuma kyauta, masu hawa da ƙafa zuwa hawa na biyu matakala 674 suke takawa, ke da ke da sati takwas a gaba ban baki shawara ba. Cocin Notre-Dame an sake buɗe ta a Disambar 2024 bayan gobarar 2019. Juma'a kuma ta faɗo a ciki, babban masallacin Faris da aka buɗe a 1926 yana nan da farfajiya da lambu irin ginin Magrib da Andalus, zai ɗan ɗanɗana maki abinda ke gaba. Versailles ni da zaki ji tawa ki barta, yini guda cur take ci da layi da tafiya, ki ba ƙawarki wannan yinin.

Maganar saƙo gajeriya ce. Duk abinda ke cikin akwatinki a idon jami'in kwastan naki ne, "bani akayi" bata fidda kowa. Kar ki karɓi ƙulli a rufe ko daga waye, a buɗe a gabanki ki gani da idonki, magani kuma ki ƙi gaba ɗaya in ba naki bane mai takardar likita. Nama da madara da abinda aka yi dasu an hana matafiyi shiga dasu Tarayyar Turai daga waje, kwacewa za'ayi wani lokaci har da tara. Sannan ki sa doka ɗaya, saƙon Landan kawai zaki ɗauka, ƙarami, kuma mai shi ne zai zo inda kike ya karɓa, ba ke zaki ɓata yini kina neman gidan wanda baki sani ba. Wanda yace a kai masa Italiya ko Istanbul kice masa akwatin bai da wuri, kuma bai da shi ɗin, kilo 23 ne yawanci kuma kayan sati 10 ne a ciki.

Tikitin Alhambra kuma shi zaki fara siya kafin na Louvre kafin komai, a shafinsu na hukuma, dan yana ƙarewa da makonni musamman lokacin bazara, kar ki ce sai kin isa Granada. Da sunanki da lambar fasfonki ake yankarsa kuma sai kin nuna fasfon a ƙofa. Akwai lokaci na musamman da ake rubutawa na shiga fadojin sarakunan Banu Nasr, waɗanda suka riƙe garin har 1492, anan ne farfajiyar zakuna take da rubutun Larabcin nan da ya lulluɓe bango, in kika makara lokacin ya wuce basa bari, kuma daga babbar ƙofa zuwa wajen akwai ƴar tafiya dan haka ki shiga da wuri. Ki kwana biyu a Granada kafin ranar dan ki shiga da hutacciyar ƙafa. Masallacin Kordoba kuma ki tafi da sanin cewa tun 1236 coci ne, ana shiga kallo amma ba'a barin sallah a ciki, kiyi taki a masauki kafin ki fita.